Askar Katako

A Katako na same ta, ranar Lahadi,
cikin gwangwanin madara, tsakanin makullai
waɗanda ƙofofinsu suka daɗe da rushewa.
Mai kaya ya ce dala ɗari.
Na ce tsatsa ta riga ni saye,
me ya rage da zan biya?
Ya yi dariya, ya sauke ashirin.

Ƙotarta ƙaho ce, ta tsage a gindi.
A jikin ƙarfen akwai rubutun wata ƙasa,
haruffa uku suka tsira.
Tsahara ta leƙo, ta taɓe baki:
"Ga reza a tebur, kuɗin goro,
kai ka kwaso mana gawa."

Kwana ta yi cikin ruwan lemun tsami.
Na cuɗe ta da toka, na bi da baƙin mai,
har yatsuna suka koma na bakanike.
Ja ya fita, baƙi ya fita,
sai ga wani fari yana leƙowa
kamar haƙorin farko a bakin jariri.
Ramukan da tsatsa ta ci ba su cike ba.
Na bar mata abinta,
ni ma akwai tabon ƙyanda a goshina.

Ashe ƙyalli ba kaifi ba ne.
Na ɗora ta kan gashin hannu,
ta shafa shi ta wuce kamar mai gaisuwa.

Sai Bukoki, zauren Baba Nomau,
wanzamin da zabirarsa ta shekara biyar a rataye.
Bai dube ta ba, yana ta rufe idon.
Farce ya ɗora a bakinta, ya ja a hankali.
"Wa ya cuce ki haka?"
Ita ya tambaya, ba ni ba.

Ya sa aka jawo dutse daga ƙarƙashin gado.
"Kwantar da baya da baki tare.
Kar ka danna, nauyinta ya ishe ta.
Ɗiga ruwa. Ja. Juya ta kan bayanta. Koma.
Bar ƙirge, kunne ne zai faɗa maka:
in ta bar ƙara ta koma raɗa, ta iso."

Sai bayan la'asar ta yi raɗa.
Tsohon bel ɗina na maƙala a ƙusa,
ta yi ta kai da kawo a kan fata
har ta tsinke gashi tun bai san an zo ba.

Juma'a da hantsi,
madubin babur a jingine da randa,
kumfar sabulu, zuciya tana daka.
Kunci ya wuce lafiya.
Na fara jin kaina,
a haɓa ta gaya mini ko ita wace ce.
Jini siriri, alif mai zafi,
Tsahara tana dariya a bayan turmi.
Da auduga a fuska na yi sallah.

Wata biyu ina biyan kuɗin makaranta da fatata.

Jiya na kai masa dutsensa.
Ya shafa fuskata kamar mai karanta allo,
bai sami gyara ba, bai kuma yaba ba.
Sai ya shafa nasa gemun, fari, a hargitse.
Hannun da ya aske rabin unguwa
yau ba ya riƙe kofin shayi.

"Ka zo da ita?"
Na ce tana aljihu.

Ya jingina kai da bango,
ya ɗaga haɓa, ya ba ni wuyansa.
Jijiya tana bugawa ƙarƙashin kumfa.
A waje wani yana tallan gawayi.

Na ja fatar da yatsa biyu.
"Sassauta," in ji shi, ido a rufe,
"ka fi ta sauri."